Yadda nake tatsar ruwan furen linden, da abin da nake yi da shi

Linden bishiya ce ta ƙasashen sanyi. A Turai tana fure tsakanin Yuni da Yuli, har mutanen Foland suka samo sunan watan Yuli, "lipiec", daga sunanta a harshensu. Faransawa da Turkawa sun daɗe suna shan furenta kamar shayi idan mura ta kama su ko barci ya ƙi zuwa, kuma hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta amince da wannan shayin a matsayin maganin gargajiya na alamomin mura da 'yar damuwa mara tsanani. Amma fa a kan shayin ta yi magana. Ruwan da ake tatsa da tururi aikinsa ƙamshi ne, ni ma don ƙamshin nake yinsa.

Busasshen fure nake amfani da shi, tare da siririn ganyen nan mai launin kore-kore da ke manne da shi. Kada ku tsince shi, tare ake cire su daga bishiya. Ku shinshina kafin ku saya. Idan ba ku ji wani ƙamshi mai kama da zuma ba, furen ya tsufa.

Sai a samo tukunya mai zurfi wadda ba ta tsatsa. A kife ƙaramin kwano a tsakiyarta, a ɗora wani kwanon a kansa yana kallon sama. A zuba fure cikin hannu uku a kewaye, a ƙara ruwa daidai yadda zai rufe furen ba tare da ya kai bakin kwanon sama ba. Nakan bar shi ya jiƙa na awa ɗaya kafin in kunna wuta. Daga nan a rufe tukunyar da murfinta a juye, a tara ƙanƙara a kansa. Tururi zai tashi, ya bugi murfi mai sanyi, ya koma ruwa, ya riƙa ɗiga cikin kwanon. Abin da ya taru a nan shi ake nema.

Wuta ita ce sirrin. A rage ta sosai, ruwan ya riƙa motsi kaɗan-kaɗan kawai. Karon farko na yi gaggawa, na ƙara wuta, abin da na samu warin dafaffen ganye yake yi. Minti 40 kan wuta mai sanyi ya ishe ni, ina kwashe ƙanƙarar da ta narke ina sa sabuwa.

Kada ku sa ran ƙamshi mai ƙarfi irin na turare. Furen linden mansa kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa ƙamshin ruwan yake zuwa a hankali, sai mutum ya nutsu yake jinsa. Abin da ya sa nake ƙaunarsa ke nan. Da dare nakan fesa shi sau biyu ko uku a kan matashin kai, in kashe fitila, in ja numfashi a hankali. Ranar da na wuni gaban kwamfuta kuwa, auduga nake jiƙawa da ruwan furen mai sanyi in ɗora a goshi da bayan wuya na minti 10. Kafin ya taɓa fuska, a gwada shi a cikin hannu a jira kwana ɗaya, musamman mai saurin yin atishawa idan ya kusanci fure. Ba a ɗiga shi cikin ido. Mai juna biyu ta tambayi likita tukuna, kuma murar da ta zo da zazzaɓi mai zafi asibiti take buƙata.

Ruwan ba shi da abin hana lalacewa. A zuba shi a kwalba mai duhu da aka tafasa ta bushe, a rubuta kwanan wata, a ajiye a firji. Ni ba na wuce mako uku da nawa. Da zarar ya yi gajimare ko ya soma tsami, zubarwa nake yi in ɗora sabuwar tukunya.