Kurakuran Ma'auni Wajen Adana Bayanan Na'urar Nazarin Sigina da Sake Buɗe Su

Na'urar nazarin sigina, wadda injiniyoyi ke kira sifektaram analaiza, tana nuna ƙarfin sigina a kan kowane firikwensi (yawan kaɗawar sigina a daƙiƙa ɗaya) a matsayin zane, kuma a fuskarta kowace lamba tana tafe da ma'auninta. Matsala takan taso ne bayan an adana zanen a fayil na CSV, wato fayil ɗin rubutu da ake raba lambobinsa da waƙafi, domin lambobi tsagwaronsu ke cika layuka, ma'aunin kuma ya tsaya a saman fayil, inda manhajar da za ta karanta sau da yawa ba ta dubawa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne rikita dBm da dBµV. Na farko yana kwatanta sigina da miliwat 1, na biyu da maikurobolt 1, kuma abin da ke haɗa su shi ne imfidans ɗin mashigar na'urar, wato turjiyar da take yi wa sigina, wadda ake aunawa da om. A om 50 ana ƙara 107 a kan dBm a sami dBµV, a om 75 kuwa, wanda wayar talabijin ke amfani da shi, 108.75 ake ƙarawa. Saboda haka siginar −60 dBm ita ce 47 dBµV a om 50, kuma idan manhaja ta ɗauki wannan 47 a matsayin dBm, siginar da ba ta wuce nanowat 1 ba za ta koma wat 50. Wannan ana saurin gano shi saboda girmansa. Wanda ya fi damuna shi ne ɗan bambancin kusan 1.8 dB (desibel) da ke tsakanin om 50 da om 75, domin babu wanda zai kalli zanen ya yi zargin wani abu, har a rubuta rahoto a kansa. Maganinsa shi ne a rubuta ma'auni da imfidans a kan kowane jerin lambobi, a kuma sa manhaja ta ƙi buɗe fayil ɗin da ba ya ɗauke da su maimakon ta yi kirdado.

Makamancin haka yakan faru da gyaran da ake sa wa na'ura idan an haɗa mata abin rage ƙarfin sigina, misali na 30 dB, wato ƙara wa lambobin abin da aka rage. Idan lambobin da aka adana sun riga sun haɗa da gyaran, sannan aka sake ƙara shi wajen buɗewa, sakamakon ya ninku sau 1,000. Ya kamata fayil ya faɗi ko an riga an ƙara.

Akwai kuma masu fitar da matsakaici kai tsaye daga lambobin desibel. Matsakaicin −10 da −30 dBm ta wannan hanya −20 ne, alhali idan aka mayar da su miliwat, aka yi lissafi, aka dawo, kusan −13 dBm ake samu. Sai an koma wat kafin tarawa. Haka nan kada a kwatanta zane biyu ba tare da sanin RBW ɗinsu ba, wato faɗin matatar da aka auna da ita, tunda rage shi sau 10 yana sauke matakin hayaniya da 10 dB.

Ta ɓangaren firikwensi, Excel na iya yin ɓarna cikin shiru: idan ya buɗe 2.400123456E+09, wato 2,400,123,456, yakan nuna 2.40E+09, kuma abin da ya nuna shi zai rubuta idan aka sake adanawa a CSV, sai layuka da dama su zama firikwensi ɗaya. A bar fayil na asali yadda yake, a yi aiki a kan kwafi. Wanda ke musayar fayil tsakanin Kano da Maraɗi ya kula da cewa kwamfutar da aka saita da Faransanci tana rubuta 98,5 a inda ta Ingilishi ke rubuta 98.5, sai waƙafin ya raba lamba ɗaya gida biyu.

Kafin a amince da kowace hanyar adanawa, a saka sigina sananniya, kamar 100 MHz a −20 dBm, a adana, a rufe manhajar, a sake buɗewa, a duba ko kololuwar ta dawo daidai inda take.