Darasi na Tara: Gahawa da Ruwan Jiki

Da sassafe a Sakkwato, kafin rana ta ɗaga, teburin mai shayi ya riga ya cika. Ga ɗan kabu-kabu, ga lebura, ga direban da ya kwana a tasha. Wani shayi yake so, wani kuma gahawa mai kauri. Ana cikin sha sai ka ji wani ya ce wa na kusa da shi, "Malam, ka rage shan abin nan, ruwan jiki yake shanyewa." Maganar ta yaɗu ƙwarai, don haka yau za mu bincika gaskiyarta.

Me ke cikin gahawa?

Asalin itacen gahawa ƙasar Habasha ce, kuma a nan Najeriya ana noma ta a tsaunin Mambila na jihar Taraba. A cikin 'ya'yanta akwai wani sinadari mai suna kafeyin. Shi ne ke korar barci, ya sa mutum ya wartsake. Akwai shi a ganyen shayi, akwai shi a goro, da lemon kwalba baƙi, da lemon gwangwani na ƙara kuzari.

Kafeyin yana sa ƙoda ta saki ruwa da gishiri fiye da yadda ta saba, amma kaɗan. Shi ya sa wanda bai saba ba, in ya sha mai ƙarfi, sai fitsari ya matsa masa. Daga nan maganar mutane ta samo tushe. Abin da aka manta shi ne, kofin gahawa kusan dukansa ruwa ne. Ruwan da ya shiga ya fi wanda ya fita. Jiki kuma yana sabawa: mai sha kullum, ƙodarsa ba ta ƙara fitsari sosai.

A shekarar 2014 masu bincike a Jami'ar Birmingham ta Ingila sun gwada wannan da maza 50 masu shan gahawa kullum. Kwana 3 kowannensu yana shan kofi 4 na gahawa a yini, wasu kwana 3 kuma ruwa zalla daidai wannan yawan. Aka auna nauyinsu, da jininsu, da fitsarinsu. Ba a ga bambancin kirki a ruwan jikinsu ba.

To, ina haɗarin yake?

Waɗancan mutane a ƙasar sanyi suke, ba a fadamar Kwalkwalawa ta kusa da Sakkwato suke ban ruwan albasa ba. A nan, cikin watan Afrilu da Mayu, zafi yakan wuce digiri 40. Mai aikin ƙarfi a irin wannan rana yana iya zubar da zufa lita ɗaya cikin awa ɗaya, wato ledar ruwa biyu. Kofin gahawa ɗaya ba zai mayar da wannan ba. Abin da ya fi damuna shi ne, gahawa tana ɓoye gajiya. Jiki yana neman hutu da ruwa, mutum kuma yana jin garau, sai ya ci gaba da aiki har jiri ya ɗebe shi. Da hunturu ma haka: iska ta bushe, ƙishirwa ba ta damun mutum, sai ya wuni a kan abin zafi bai sha ruwa ba.

Fitsarinka shi zai gaya maka halin da kake ciki. In ya fito fari-fari, ruwa ya wadata. In ya yi ja, kaɗan ne, ga wari, to jiki na bukatar ruwa. Bushewar baki da ciwon kai su ma alama ce. Wanda ya rikice, ko ya suma a rana, a kai shi inuwa, a jiƙa masa jiki, a garzaya da shi asibiti.

Nawa ya kamata a sha?

Hukumomin lafiya na Turai da Amurka sun ce baligi mai lafiya kada ya wuce miligiram 400 na kafeyin a yini, wato kusan kofi 4. A lissafa har da shayi da goro. Mai juna biyu ta tsaya a rabin haka. Mai hawan jini ko bugun zuciya ya nemi shawarar likita. Mai gudawa ko amai kuwa, ruwan gishiri da sukari yake bukata.

Kafeyin yana daɗewa a jiki. Bayan kamar awa 5, rabinsa yana nan. In ka sha bayan magariba, barcinka zai ragu.

Ga mai azumi, lokacin sahur ruwa ya fi cancanta da wurin da ke cikinka, sai fura ko kunu. In ka saba da gahawa har rashinta na sa maka ciwon kai, ka fara ragewa tun a watan Sha'aban. Da buɗa-baki a fara da dabino da ruwa, gahawa ta biyo baya.

Aikin gida

Rubuta duk abin da ka sha jiya, daga asuba zuwa dare. Ja layi a ƙarƙashin masu kafeyin. Sannan ka ƙirga kofin ruwa nawa ka sha, ka zo da amsar aji gobe.