Kafin Ka Ɗaure Rago a Bayan Gida: Ofishin Kula da Dabbobi a Amurka

Babbar Sallata ta farko a ƙasar nan, mu uku muka haɗa kuɗi, muka tafi wata gona a bayan gari muka sayo rago. Muka kwantar da kujerar bayan mota, muka shimfiɗa kwali, muka kawo shi gida ana jibi Sallah. Muka ɗaure shi a jikin shingen bayan gida, muka zuba masa ciyawa da ruwa a bokiti, muna jin kamar muna gida. Ragon kuwa bai san yana Amurka ba, kwana ya yi yana kuka. Gari na wayewa sai ga wata farar mota mai akwatunan ƙarfe a baya ta tsaya a ƙofar gida, an rubuta Animal Control a jikinta, wato ofishin kula da dabbobi. Wata mata sanye da kaki ta fito da littafi a hannu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta dubi igiyar da ke wuyansa, ta dubi bokitin, ta ce unguwar nan ba a ajiye dabbar gona a cikinta, kuma ba a yanka a tsakar gida. Maƙwabta biyu ne suka kira.

Don haka ɗan'uwa, tun kana neman katin aiki da makarantar yara, ka sa wannan ofishi a lissafi. A gida idan akuya ta shiga gonar wani, gidan mai unguwa ake kai ta, mai ita ya zo ya ba da haƙuri, ya biya ɓarna, ya ja abarsa. A nan ma haka tsarin yake, sai dai an mai da shi aikin gwamnati, da ma'aikata da motoci da takardar tara. Su ke kama karen da ya ɓata, su ke zuwa idan kare ya ciji mutum, su ke bincike idan aka ce wani yana azabtar da dabba, kuma su ke riƙe da gidan da ake ajiye dabbobin da aka tsinta.

Abin da ya fi rikita baƙo shi ne babu ofishi guda na ƙasa baki ɗaya. Aikin na ƙaramar hukuma ne, wato birni ko kuma gundumar da suke kira kawunti. A wani gari ofishin yana ƙarƙashin 'yan sanda, a wani yana ƙarƙashin hukumar lafiya, a wani kuma an ba wata ƙungiya kwangila. Abin da aka halatta a nan, tafiyar minti 20 ka iske an hana. A birnin New York za ka iya kiwon kaji mata, amma zakara haramun ne, haka tumaki da awaki da agwagi da talotalo. Kare kuma dole a yi masa lasisi a hukumar lafiya ta birnin, idan an fita da shi igiyarsa kada ta wuce ƙafa 6, kuma tun 1978 doka ta ce mai kare ya kwashe kashin karensa a kan titi. Na daɗe ina mamakin ganin mutum da kwat da wuyan lakataye ya sunkuya da leda a hannu, kafin na san tara ce ke jiran wanda bai yi ba. A jihar Ohio, inda 'yan'uwanmu ke zaune a Columbus, lasisin kare a ofishin kawunti ake yinsa, kuma ana sabuntawa kafin ƙarshen Janairu. Saboda haka kada ka ɗauki fatawar ɗan'uwanka na Houston ka yi aiki da ita a unguwar Bronx ta New York. A New York da manyan birane da yawa, lambar 311 ita ce ta tambaya da kai ƙorafi. Ta 911 kuwa sai idan rai na cikin haɗari, kamar kare yana cizon yaro a gabanka.

A saman ƙananan hukumomin akwai jiha, kuma wannan shi ne sashen da mutanenmu ba su cika sani ba. Jiha ce ke rubuta dokar hana azabtar da dabbobi, kuma a yawancin jihohi ita ke faɗin lokacin da za a yi wa kare allurar rigakafi, ita ke faɗin kwanakin da za a riƙe dabbar da aka tsinta kafin a ba wani ko a kashe ta. A North Carolina, inda Greensboro ta cika da mutanen Nijar, mafi ƙanƙanta awa 72 ne, kuma ma'aikatar gona ta jihar ce ke tura masu duba gidajen ajiyar dabbobin, har na gwamnati. A Virginia ofishin babban likitan dabbobi na jiha ke wannan dubawa. A Texas doka ta wajabta wa jami'an kula da dabbobi yin horo, haka a New Jersey sai hukumar lafiya ta jiha ta ba jami'i shaida. Pennsylvania ma tana da nata masu gadin dokar karnuka, ma'aikatan jiha ne kai tsaye. Wasu jihohin kuma sa idonsu kaɗan ne, sun bar kowace kawunti da halinta.

Amfanin sanin wannan shi ne jami'in da ya zo ƙofarka ba shi ne ƙarshen magana ba. Idan ya ba ka takardar tara, akwai rana da wurin da za ka je ka kare kanka, a rubuce a jikinta. Kada ka jefa ta a aljihun mota ka manta, don tarar da aka ƙi kulawa ƙaruwa take yi. Ka nemi sunansa da lambarsa cikin ladabi, ka nemi tafinta idan Turancin bai zauna ba. Kuma don Allah kada hannunka ya je aljihu da sunan na goro. Abin da yake alheri a wani wuri, a nan cin hanci ne, kuma ya fi laifin farko girma nesa ba kusa ba.

Batun layya kuwa, kada wani ya tsorata ka cewa an hana yankan Musulunci. Dokar tarayya ta 1958 kan yadda ake yanka dabba ta amince da yankan addini, kuma a 1993 Kotun Ƙoli ta soke dokar birnin Hialeah na Florida saboda an yi ta ne don a takura wa wani addini. Abin da ake hana ka shi ne wurin, da jinin da zai bi kwalbati, da warin kayan ciki a kwandon shara cikin zafi. Mafita tana da sauƙi: akwai gonaki da mayanka masu lasisi da suka saba da mu. Ka je ka zaɓi ragonka tun da makonni, a sa masa lamba, ranar Sallah ka je ka yanka ko a yanka a gabanka, a feɗe, ka ɗauko namanka. Limamin masallacinku ya san su. Sai dai naman da aka yanka maka a matsayin naka na gida ne da baƙi, ba na sayarwa ba ne. Mai son buɗe tukubar tsire sai ya sayi nama mai hatimin masu duba.

Sai kare. Mu mun tashi da cewa idan kare ya tunkaro ka, ka duƙa kamar za ka ɗauki dutse. A nan ka bar dutsen a ƙasa. Karen maƙwabcinka yana da suna, da likita, da gado, wani har da rigar sanyi, kuma mugun zalunci ga dabba babban laifi ne a dukkan jihohi 50. Ga wanda takardunsa ba su gama nuna ba, ƙarar laifi ba abin wasa ba ce. Idan karen wani yana shigo maka gida ko yana koran yaranka, ka ɗauki hoto, ka rubuta rana da lokaci, ka kira ofishin. Ofishin da aka kira maka, kai ma naka ne. Yara kuma a karɓe musu danƙo, domin yawancin tsuntsayen daji dokar tarayya ta 1918 tana kare su. Masu tuƙin Uber da tasi su sani cewa makaho mai karen jagora ba a ƙin ɗaukarsa. Mutum yana iya rasa aikinsa a kan wannan. Ni dai tsohon bargo nake ajiyewa a but, in shimfiɗa idan buƙata ta taso.

Idan kare ko kyanwa ta ciji wani a gidanka, ku wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na kamar minti 15, ku tafi asibiti, a kai rahoto. Yawanci ana tsare dabbar a sa mata ido kwana 10 don a ga ko tana da ciwon haukan kare. Nau'in cutar da ke yawo tsakanin karnuka an kawar da shi a Amurka, an sanar da haka a 2007, amma tana nan a jikin jemage, da yanyawa, da wata dabba mai kama da bodari, da rakun, mai baƙin zane a ido kamar ya sha kwalli, mai buɗe kwandon shara da dare. Idan kun farka kun ga jemage a ɗakin da yaro ya kwana, kada ku buɗe taga ku kore shi. Ku fito ku rufe ƙofa ku kira, don a kama shi a gwada. Haƙorinsa ƙanana ne, cizon ba ya barin shaida sosai, kuma cutar idan ta bayyana ba ta da magani.

Ragonmu dai matar nan ba ta tafi da shi ba, kuma ba ta ci mu tara ba. Takardar gargaɗi ta rubuta, ta ce kafin yamma ya bar unguwar. Muka sake kwantar da kujera, muka mai da shi gonar da muka sayo shi, mai gonar ya caje mu kuɗin kwana da na fiɗa. Ranar Sallah bayan an sauko Idi muka je muka yanka, muka dawo da nama cikin kwalaye. Uwargidan abokina ta soya, ta zuba a faranti biyu ta rufe, muka aika yara su kai wa gidan dama da gidan hagu.