Yadda nake daskarar da samfurin furotin don maikuroskop na lantarki

Idan ruwa ya daskare a hankali, ƙanƙararsa kan fitar da ƙwayoyi masu kaifi da ke lalata furotin, su kuma dagula hoto. Abin da muke nema shi ne ruwan ya sandare kamar gilashi tun bai samu zarafin shirya kansa ba. Jacques Dubochet da abokan aikinsa ne suka fito da wannan dabara a Heidelberg a farkon shekarun 1980, ita ce ta kai shi ga kyautar Nobel ta 2017 tare da Joachim Frank da Richard Henderson.

Da iskar etan nake farawa. Ruwan naitirojin yana da sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, amma da abu mai ɗumi ya shige shi sai tururi ya lulluɓe abin, sanyi ya kasa ratsa shi da sauri. Shi ya sa ake sanyaya ɗan kofin ƙarfe da naitirojin, a hura etan a ciki sannu a hankali har ta zama ruwa. Etan ɗin ita kanta tana daskarewa wajen digiri 183 ƙasa da sifili, don haka in ka ga ta fara yin fari, ƙara mata iskar ta narke. Sa tabarau, ka yi aikin cikin akwatin zuƙe iska, nesa da wuta.

Ragar da ake ɗora samfurin a kai, ɗan faifan ƙarfe mai ƙananan ramuka da faɗin milimita 3, a fara ratsa ta da filasma (iska mai cajin lantarki) domin ruwa ya bazu a kanta. Ka kama bakinta da hantsaki, ka ɗiga mikrolita 3 na samfurin. A na'ura irin Vitrobot, wadda ke tsotse ruwan ta kuma jefa ragar cikin etan da kanta, nakan sa digiri 4 da cikakken danshi. Takardar tacewa ta tsotse ruwan na daƙiƙa biyu zuwa biyar, sai ragar ta faɗa cikin etan nan take. Nan gwanintar take: tsotsa kaɗan, ƙanƙara ta yi kauri; ta yi yawa, ramukan su bushe. Ni dai ina yin raga huɗu da lokuta mabambanta.

Daga nan kada ɗumin ragar ya haura digiri 140 ƙasa da sifili. Ka mayar da ita akwatinta da hanzari cikin tururin naitirojin, ka sanyaya duk hantsakin da zai taɓa ta, kuma kada ka yi numfashi a kanta, domin danshin bakinka zai sauka a kai ya zama ƙanƙara.