Filin wasan yara: kurakuran da ƙananan hukumomi suka fi yi da yadda za a gyara su

Akwai wani fili da nake bi ta gefensa in zan shiga kasuwa. Ranar da aka buɗe shi an kafa rumfa, makaɗa sun zo, ciyaman ya yanka zare, an ɗauki hotuna. Lilo huɗu ne da abin zamiya na ƙarfe da wani mai juyawa, duk sun sha fenti ja da rawaya. Damina biyu kacal suka gani. Yau sarƙa ɗaya ce ta rage tana reto, mai juyawan ya kafe, awaki ne ke kwana a gindin allon da aka rubuta sunan aikin. Yaran unguwar kuwa suna nan inda suke tun asali, a tsakiyar titi, sun ajiye duwatsu biyu a madadin raga, suna darewa duk sanda mai adaidaita ya danno.

Ba zan ce an cinye kuɗin ba, don ƙarfen da idona na gan shi. Abin da ya faru shi ne an ɗauki filin wasa kamar kayan da ake sayowa a girke a yi gaba, alhali shi fili ne da inuwa da mai kula, ƙarfen kuwa shi ne na ƙarshe a lissafi. Kuma aikin ba alfarma ba ce. Jadawali na 4 na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa ginawa da kula da wuraren shaƙatawa da lambuna da filayen jama'a cikin ayyukan ƙaramar hukuma, a layi ɗaya da tituna da fitilu da magudanan ruwa. Da ana fakewa da cewa kuɗi na maƙalewa a jiha. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa bai wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, wannan uzurin ya fara rauni, ko da aiwatarwar tana tafiyar hawainiya.

Filin da babu mai so

Kuskuren farko ana yinsa tun kafin a kira mai walda. In an tashi neman wuri, sai a duba wanda ba a samu mai saye ba: gefen kududdufi, tsohuwar bola, ƙarƙashin manyan wayoyin wuta, ko can bayan gari inda sai an tsallaka babban titi. An raba yaro da mota an kai shi bakin ruwan da ke cin yara duk watan Agusta, an yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan. Tsohuwar bola kuma ko an share samanta, ruwan sama ɗaya zai tono fasassun kwalabe da tsofaffin allurai.

Wurin da ya dace ba ya buƙatar dogon nazari. A fita bayan La'asar a zaga unguwa, a ga inda yara suke taruwa da kansu. Ma'aunin shi ne yarinya 'yar shekara 6 ta iya zuwa da ƙafarta riƙe da hannun ƙaninta ba tare da ta tsallaka kwalta ba, kuma mai shago ko dattawan da ke zaman majalisa a ƙofar masallaci su iya hango ta. Wurin da idon manya ba ya kaiwa, kafin wata uku ya zama matattarar 'yan shaye-shaye, daga nan kuma babu uwar da za ta bar ɗanta ya je.

Haka nan son yin babban wuri guda ɗaya a hedikwatar ƙaramar hukuma, saboda ya fi kyau a hoto. Irin wannan muna da shi, Gidan Zoo a Kano da Ƙofar Gamji a Kaduna, kuma mun san lokacin da suke cika: ranakun Sallah, da kuɗin mota da kuɗin shiga. Yaro kuwa kullum yake wasa. Birnin Amsterdam na ƙasar Holan ya bi wata hanya bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Daga 1947 zuwa 1978 wani mai zanen gine-gine, Aldo van Eyck, ya tsara wa hukumar birnin ƙananan filaye sama da 700 a kangaye da lunguna, galibinsu ba komai a ciki sai ramin yashi da 'yan ƙarafan hawa da wurin zama. Kuɗin katafaren wuri ɗaya zai iya yin irin waɗannan a mazaɓu da dama.

Sai takarda. Filin da babu takardarsa fuloti ne mai jiran mai rabo. Ciyaman ya sauka, wani ya hau, wata safiya sai a ga an ja igiya ana haƙa harsashin shaguna. A ƙarƙashin dokar filaye ta 1978, ƙasar cikin birni tana hannun gwamna, ƙaramar hukuma tana da iko ne a kan wadda ba a ayyana ta birni ba. Saboda haka a cikin birni dole a bi ta ma'aikatar ƙasa da hukumar tsara birane, KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna, a auna filin, a kafa duwatsun iyaka, a shigar da shi taswira a matsayin filin jama'a. A bai wa hakimi da mai unguwa kwafi. Wannan ɗawainiyar ba ta da ranar yanka zare, shi ya sa ake tsallake ta.

Rana

Nan ne na fi jin takaici, domin duk wanda ya zana filin nan ya san Afrilun ƙasar Hausa. Zafi na wuce digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maraɗi, ƙarfen da ya wuni a rana kuma ya fi iskar zafi nesa ba kusa ba. Na taɓa ganin wani dattijo yana lallashin jikansa ya hau abin zamiya, yaron ya ɗora tafin hannu ya janye, ya ce, "Baba, ai wannan kaskon tuya ne." Gaskiyarsa. Fatar ƙaramin yaro ta fi ta babba laushi, kuma ba ya da saurin zamewa ya sauka in ya ji ƙuna.

Maganin shi ne a fara da bishiya. In filin yana da tsamiya ko maɗaci ko ceɗiya, kada a bari ɗan kwangila ya sare su wai don ya daidaita ƙasa, a jera kayan wasan a ƙarƙashinsu. In babu, a dasa darbejiya da farkon damina, tana da saurin girma da jure fari. A fi ba da ƙarfi ta ɓangaren yamma, tunda yara sai sun taso daga boko da Islamiyya suke zuwa, lokacin da rana ta karkata. A kewaye kowane dashe da bulo saboda awaki, a kuma sa sunan wanda zai riƙa ba shi ruwa har ranin farko ya wuce, in ba haka ba sanduna aka binne. Kafin bishiyoyin su yi inuwa, rumfa mai tsayi a kan abin zamiya ta wadatar. A guji masu ƙaya irin su bagaruwa da aduwa, a kuma tumɓuke tumfafiya da zaƙami da bini-da-zugu duk inda suka tsiro, don 'ya'yan bini-da-zugu na kama da abin ci a idon yaro kuma guba ne. Tukunyar ruwan sha ko famfo a kusa, wannan ba sai an faɗa ba, amma sau nawa aka manta?

Siminti a ƙarƙashin lilo

Saboda son tsabta sai a malale ƙasa da kankare ko a shimfiɗa intalok. Mafi yawan raunin da yara ke ji a irin waɗannan wurare daga faɗuwa ne, kuma abin da ke ƙasa shi ke raba tsakanin kuka na minti biyu da karaya ko fashewar kai. Ƙasar da aka daddaɓe ta bushe a rani ma ba ta da maraba da siminti.

Yashi ya fi sauƙin samu a wurinmu. Jagorar da CPSC, hukumar Amurka mai kare jama'a daga haɗarin kayan da ake sayarwa, ta fitar ta nuna cewa yashi mai zurfin inci 9 yana kare faɗuwa daga tsayin ƙafa 4 ne kawai, kuma tunda yana dannewa, ana zuba inci 12 ne don ya tsaya a 9. Abin da wannan ke nufi a aikace: kada a gina dogon abin hawa a ce ai akwai yashi. A rage tsayin, a haƙa ramin ƙafa 1, a cika shi, a bar sarari na ƙafa 6 ta kowane gefe babu dutse babu kututture babu benci. Lilo ya fi cin wuri, gabansa da bayansa kowanne yana buƙatar ninki biyu na tsayin sandar da aka rataye shi. A kuma kai shi gefe, kada ya zama a kan hanyar da yara ke gudu daga ƙofa. Ƙarƙashin lilo da bakin abin zamiya su ne ke fara ƙwaƙulewa, a nan za a riƙa mayar da yashi.

In ramin ba shi da hanyar fitar ruwa, ya zama tafkin sauro da damina. A ɗan ɗaga filin sama da titi, a ba shi gangara zuwa lambatu.

Aikin mai walda

Masu waldarmu sun iya aiki, abin da ba a ba su shi ne ma'auni. Ana nuna musu hoto a waya a ce a yi irin wannan. Ga abin da ya kamata a rubuta musu. Duk wata kafa tsakanin ƙarafa ta zama ƙasa da inci 3 da rabi ko sama da inci 9, domin abin da ke tsakani jikin yaro zai wuce kansa ya maƙale. Kujerar lilo ta roba ce ko ta taya, ba katako ko ƙarfe da zai fasa goshin mai wucewa ba, kuma kujera biyu kawai tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi. A matse ƙugiyoyin sarƙa har bakinsu ya haɗe, a goge kaifin walda, a yanke kan notin da ya leƙo, don hijabi da igiyar wando na saƙalewa a nan. A toshe bakin bututu saboda rina da yatsu. Tsofaffin tayoyi suna da amfani da arha, amma a huda ƙasansu ruwa ya tsiyaye, a jefar da wadda wayarta ta fito.

Fenti ma abin tambaya ne. Wasu masu mai, musamman rawaya da ja, suna ɗauke da dalma, yara kuma suna ɓantarar ɓawon su kai hannu baki. Wanda ya tuna yaran da gubar dalma ta kashe a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010 ba sai an yi masa dogon bayani ba, ko da waccan daga haƙar zinariya ta fito. A rubuta a takardar kwangila cewa fenti marar dalma ake so, a duba gwangwanin kafin a buɗe.

Wa aka yi wa?

Ana zana filin a ofis, ba a tambayi yaro ko ɗaya ba, ba a tambayi uwa ba. Sakamakon kullum iri ɗaya ne: samari masu ƙwallo su mamaye wurin, ƙanana su koma gefe, 'yan mata su daina zuwa gaba ɗaya. Masu ƙwallon ba laifinsu ba ne, su ma ba su da wani wurin. A ware musu ɓangarensu da shingen waya mai tsayi. A ware wa 'yan ƙasa da shekara 5 nasu kusa da inuwa, da dakalin da yayye da iyaye za su zauna. Sannan a bar wani sarari fayau, babu ko ƙarfe ɗaya, domin langa da 'yar gala-gala da carafke da gaɗa ba sa buƙatar komai sai ƙasa mai laushi. Dandali tun kaka da kakanni haka yake. Masu kwangila ba sa son wannan ɓangaren tunda babu abin sayowa a cikinsa.

Ƙofa kuma ta zama keken guragu zai shiga, ba matattakala ba lambatu a buɗe, da 'yar hanya mai tauri zuwa inuwa, tunda keke ba ya tafiya a yashi. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta shafi wuraren jama'a. Batun kuɗin shiga a manta da shi. Ranar da aka sa tikiti an kori almajirin da ba ya da hutu sai Alhamis da Juma'a, an kori ɗan mai wankau, an bar wa waɗanda dama akwai lilo a makarantarsu. Katanga mai tsayi da kwado ita ma kusan haka take. Gajeren shingen da ake hango ciki, wanda zai tare dabbobi da masu babur, ya fi ta.

Bayan an watse daga taro

A kasafin kuɗi ana rubuta na ginawa, ba a rubuta na gyara. Sarƙa ta tsinke, babu wanda ya san ko sashen ayyuka ne zai gyara ko na walwalar jama'a, sai ta yi wata shida tana lilo ita kaɗai, 'yan gwangwan su ga alamar babu mai shi su zo da zarto. Tun ranar da aka amince da aikin a ware kuɗin gyaransa na kowace shekara, kuma kada a biya ɗan kwangila ragowar kuɗinsa sai kayan sun ga damina ɗaya.

A ɗauki mutum ɗaya ɗan unguwar, da albashi komai ƙanƙantarsa, ba mai gadin sakatariya da za a ce ya riƙa leƙawa ba. Kowace safiya ya bi yashin da manjagara ya tsince kwalba da ƙaya da kashin dabbobi, ya leƙa cikin tayoyi saboda kunama. Duk mako ya girgiza ginshiƙai, ya duba inda sarƙa ke cin ƙugiya, ya sa giris. Gindin ginshiƙi, daidai inda ƙarfe ya shiga ƙasa, nan tsatsa ke fara ci, kuma ba a ganinta sai an tone yashin da hannu. Abin da ya lalace a cire shi a ranar, kada a ɗaure da tsumma a ce gobe. A ba shi littafi ya riƙa rubuta kwanan wata da abin da ya gani, mai unguwa ya sa hannu ƙarshen wata, kansila ya kai zauren majalisa. A jikin allon nan da awaki ke kwana a gindinsa kuma, ƙarƙashin sunan ciyaman, akwai sauran wurin da zai ɗauki sunan ofishin da ke da alhakin gyara da lambar wayarsa.