Yadda za ka ajiye bindigar farauta a gidan da ke da yara

Tun kafin ka shiga gida, karkata bakin bindigar zuwa ƙasa, yatsanka nesa da kunama. Cire harsasai duka, sannan ka buɗe ta ka leƙa da idonka, ka zura ɗan yatsa ka taɓa. Harsashi ɗaya kan maƙale a ciki ko bayan an cire gidan harsashi, kuma wannan ɗayan ya isa ya ɗauke rai.

Daga nan ka sa wa kunamar kwaɗo, ka saka bindigar a akwatin ƙarfe ka kulle. Harsasai a wani wuri dabam, su ma a kulle. Makullan kuwa a jikinka za su zauna, kada ka ɗora su saman kwaba. Ɗan shekara biyar ya iya jawo kujera ya taka.

Sai yaran. Zaunar da su ka ce: "In kun ga bindiga, ko a gidan wa, kada ku taɓa. Ku bar wurin, ku kira babba." Sa su maimaita, kowa ya gwada maka yadda zai yi.

Wanda ya isa bin ka daji, fara kai shi ajin koyar da mafarauta, ka zauna kusa da shi har a tashi.