Kurakuran ɗaure kwalaye a kan falet da na gaji da gyarawa

Duk sabon yaron da aka kawo mini sito, ba na tambayarsa takardar makaranta. Kwali ashirin nake ba shi, da falet ɗaya (katakon da ake jera kaya a kansa don a ɗaga su gaba ɗaya), da ledar naɗi, in koma gefe in zuba ido. Kusan kullum abu ɗaya nake gani: ya jera, ya naɗe, kaya sun yi sheƙi kamar na shiga gasa, sai in sa kafaɗa in ture, tarin kwalayen ya zame ya bar katakon a inda yake. Na gaji da maimaita magana ɗaya da baki, shi ya sa na rubuta.

Wannan zamewar ita ce babban laifi, kuma ni ma ta taɓa cin kuɗina. Yawancin masu koyo suna fara naɗa leda daga kwalin ƙasa su hau sama. Ka ɗaure kwalaye da junansu ke nan, amma ba abin da ya haɗa su da falet. A cikin sito ba za ka ga aibun ba, don ƙasa shimfiɗe take. Sai tirela ta kama hanyar Legas daga Kano, kimanin kilomita 1,000 na ramuka da birki da kwana, a nan asiri ke tonuwa. Wata shekara na loda sabulu daga Sharada a Kano, falet goma sha takwas. Direba ya kira ni da asuba daga wajen Mokwa, ya ce, "Alhaji, na taka birki saboda shanu, na ji wani abu ya motsa a baya." Da aka buɗe, falet huɗu kayansu sun zame gaba gaba ɗaya, kowanne a naɗe tsaf, ko leda ba ta yage ba, sun je sun murƙushe na gabansu. Na biya kuɗin sake kwali, na biya 'yan dako a bakin hanya, na rasa jirgin ruwan da aka yi mana alkawari. Kuma ba yaro ne ya naɗa ba, ni ne da hannuna, ina sauri in tafi masallaci.

Tun daga ranar ga yadda nake yi. Ina ƙulla bakin ledar a jikin ƙafar falet, ba tsakanin kwalaye nake cusa shi ba. In sunkuya, eh, sai an sunkuya, wanda ke tsoron ciwon baya ya nemi wata sana'a, in zagaya sau huɗu yadda rabin faɗin ledar zai kama katako, rabi ya kama kwalin ƙasa. Zagaye na biyar ina murɗe ledar ta zama kamar igiya, in ratsa ta ƙarƙashin allunan sama a kowace kusurwa. Sai in hau sama, kowane zagaye yana rufe rabin na bayansa, in sake saukowa. Ledar kuma a ja ta har ta miƙe. Idan kana naɗi ba ka ji hannunka na gajiya ba, lulluɓi kawai kake yi. Kayan da suka haura kilo 500 ina ƙara musu ɗamarar roba guda biyu, su bi ta ƙarƙashin falet su zagayo ta sama. Wasu sun ce ledar kaɗai ta wadatar. Su dai suka sani. Ni ban sake yarda ba.

Na biyu kuwa jahilci ne game da kwali kansa. Yawancin ƙarfin kwali yana kusurwoyinsa huɗu ne, tsakiyar bangonsa kaɗan take ɗauka. Gwada da wanda ba komai a ciki: danna kusurwa, sannan danna tsakiya. Saboda haka idan gefen kwali ya leƙo waje da falet, ko da faɗin yatsa biyu ne, kusurwoyi biyu suna rataye a iska, nauyin duk na sama ya koma kan bango. Mutane na yin haka don kwaɗayin ƙara layi ɗaya. Haba malam! Layi ɗaya za ka ƙara ka yi asarar na ƙasa duka? Falet ɗin Turai santimita 120 ne da 80, ɗayan da aka fi samu 120 da 100, na Amurka inci 48 da 40. Ka auna kwalinka tun kafin ka ba da odar buga shi, ka ga nawa ne zai zauna ba tare da leƙowa ba. Awo na minti biyar ne.

Jeri irin na ginin bulo, inda kowane layi ke ratsa na ƙasa, shi ma yana cin ƙarfin kwali, don kusurwa tana sauka a tsakiyar na ƙasa. Na san me ya sa ake son sa, yana hana tarin rabewa. Ni dai kusurwa kan kusurwa nake jerawa, in shimfiɗa faffaɗan kwali bayan kowane layi uku, in ratsa layi biyu na can sama kawai, inda nauyi ya ragu.

Abin da ya sa wannan ke yaudarar mu 'yan Arewa shi ne iska. Kwalin da ka jera a Kano cikin hunturu ya bushe ƙamas, ka hau kansa ma ba zai lotsa ba. Ya kwana biyar a layin shiga tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas ya sha raɓa, sannan ya yi makonni a cikin kwantena mai gumi a kan teku, ya yi laushi kamar burodi. Na taɓa aika man kaɗe da jerin bulo, da ɗan leƙowa da na raina. Hoton da mai saye ya turo mini, layukan ƙasa biyu sun durƙushe, man ya tsattsafo ya ɓata na kusa. Ya zabtare kuɗi, ban iya cewa uffan ba. Yanzu idan yaro ya ce mini "Oga, ai kwalin na da ƙarfi," sai in ce ya yayyafa masa ruwa ya dawo gobe mu yi magana.

Idan kayan ƙetare ne, duba hatimin da ke jikin falet. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai suna ISPM 15 ta wajabta a gasa katakon falet har cikinsa ya kai digiri 56 na tsawon minti 30, ko a yi masa hayaƙin magani, don kada a kai wa wata ƙasa ƙwari. Hatimin na ɗauke da alama kamar zangarniyar alkama, da haruffan IPPC, da na ƙasa, namu NG, da HT idan gasawa aka yi. Falet ɗin da kafinta ya haɗa maka a bayan layi ba shi da wannan, kuma a tashar can za su iya tsare kayan ko su juyo da su. Na roba ba ya buƙatar hatimi.

Sauran ƙanana ne, amma ina ganin su kullum. Mai nauyi a ƙasa, marar nauyi a sama, wannan ko mai tallan tumatir ta sani. Kada ka yi wa saman kaya tsini kamar dala. A bar shi a baje, don wani falet ake iya ɗorawa. Kwalin da bai cika ba a cusa masa takarda, in ba haka ba shi zai fara lotsawa. Kada ɗamara ta hau kwali tsirara, a sa mata kwalin kusurwa, in ba so kake ta yanka shi kamar wuƙa ba. Falet mai tsagaggen allo ko ƙusa a tsaye a jefar da shi gefe. Takardar adireshi a manna ta a waje da leda, gefe biyu aƙalla, ba a sama ba inda mai motar ɗaga kaya ba zai gani ba.

Tsayi kuma, ƙofar kwantena ta gama-gari ba ta kai mita 2.3 ba, kuma sai cokulan motar ɗaga kaya sun ɗaga falet kafin ya shiga. Ni ba na wuce mita 1.8 har da katakon. Na ja layi da jan fenti a bangon sito daidai nan, duk tarin da ya haura shi, wanda ya jera shi ne zai sauke, ko da tirela na jira a ƙofa.